Na samu lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, wane hedset zan fara saya?

Ƙanena ka ce ka gama makaranta ka karɓi lasisinka na CPL, wato na tuƙin jirgin kasuwanci, duk tsawon karatun nan da hedset (abin ji da magana da matuƙi ke ɗaurawa a kai) ɗin aro na makaranta ka riƙa tashi, yanzu kana son ka mallaki naka na kanka amma kanka ya ɗaure, wasu na ce maka ka rufe ido ka sayi na kamfanin Bose kawai, wasu kuma na cewa na kamfanin David Clark ya ishe ka. To da farko barka da arziki, Allah ya sanya albarka, wanda bai bi ta wannan hanyar ba ba zai san wuyar da ka sha ba.

Amma akwai abu ɗaya da baka faɗa min ba, kuma shi ne kan maganar gaba ɗaya. Wane jirgi za ka zauna a ciki nan da shekara 2 ko 3? Domin hedset jirgi ake saya wa, ba lasisi ba. Sabon matuƙi cikin ɗaya daga hanyoyi uku yake faɗawa, ko dai ya koma koyarwa a ƙananan jirage masu injin fistin irin su Cessna 172 da Piper da Diamond don ya tara awanni, ko ya samu aiki a masu farfela manya irin Caravan da King Air da ATR 72 da Dash 8, ko kuma Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya wuce kai tsaye jet irin Boeing 737 ko Airbus A320. Ƙarar da ke cikin waɗannan ukun ba iri ɗaya ba ce ko kusa. A ƙaramin jirgi inji na gabanka, tsakaninku ɗan bango ne na ƙarfe, gurnani ne mai kauri da za ka ji har cikin ƙirjinka. A masu farfela manya kuma ƙarar farfelar ce ke dukan jikin jirgin. A jet injinan na can baya nesa da kai, abin da ya fi damunka shi ne huci na iska a jikin gilashi da na'urorin sanyaya kayan lantarki. Kaga kuwa abin da zai yi maganin wannan ba lallai ya dace da wancan ba.

Bari in tsaya a kan maganar kunne tukuna, saboda ita ce matasa suka fi rainawa kuma ita ta fi ba ni tsoro. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa iyaka cewa ƙara mai ƙarfin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu, wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1 tak. Cikin ƙaramin jirgi mai fistin kuwa in ana cikin tafiya kaiwa 90 ko ya wuce ba wani abu ba ne. Yanzu ka lissafa mai koyarwa da ke tashi sau 4 ko 5 a rana, kwana 6 a mako. Abin da ke lalacewa a cikin kunne wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da gashi, in sun mutu ba sa dawowa, babu allura babu tiyata, kuma ba ciwo za ka ji ba balle ka farga, sai dai wata rana ka lura kana yawan cewa mutane su maimaita magana ko ka kwanta da dare ka ji kunnenka na ƙara shi kaɗai. Kuma kar ka manta lasisinka a jikin takardar likita yake rataye. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, da ta takwararta EASA ta Turai, mai takardar lafiya aji na 1 bai kamata jinsa ya ragu da fiye da desibel 35 ba a mitar 500 da 1000 da 2000 Hz, ko fiye da 50 a mitar 3000 Hz, a kowane kunne. Kai da kake da shekara 30 ko fiye na aiki a gabanka in Allah ya ba da rai, wannan gwajin za ka yi ta komawa kana yi. Shi ya sa ni ban taɓa ɗaukar hedset a matsayin kayan gayu ba, kayan kare sana'a ne.

To hedset iri biyu ne a asali. Akwai wanda ke toshe ƙara da jikinsa kawai, kofuna masu kauri da soso a ciki da ƙarfe mai matse kai, ba batir ba komai. Sarkinsu shi ne David Clark H10-13.4, koren nan da ka gani a makaranta ba iyaka. Kamfanin na garin Worcester a jihar Massachusetts, kuma su ne suka ɗinka kayan da 'yan sama jannatin shirin Gemini suka saka, har da wanda Ed White ya fita da shi sararin samaniya a 1965, don ka san ba 'yan koyo ba ne. A rubuce yana rage desibel 23, nauyinsa kusan giram 470, kuma wallahi abin nan ba ya mutuwa, ɗalibai su yar da shi su zauna a kai su bar shi a rana, gobe ka jona ya yi aiki. Matsalarsa ita ce matsewar, domin da matsewar yake aiki. Awa 1 ba komai, amma ka yi awa 5 da shi ka ji yadda saman kanka da gefen muƙamuƙinka za su yi. Sannan irin wannan ya fi iya tare ƙara mai tsini, gurnanin inji mai kauri yana ratsa shi.

Na biyun shi ne ANR, mai kashe ƙara da lantarki. A cikin kofin akwai ɗan ƙaramin makirfo da ke sauraron ƙarar da ta shigo, sai na'urar ta ƙirƙiro wata ƙarar kishiyarta daidai wa daida ta sako ta, su biyun su haɗu su cinye juna kafin su kai dodon kunnenka. Kuma inda ya fi ƙwarewa shi ne daidai inda na farkon ya gaza, wato gurnani mai kauri da ba ya canzawa, irin na inji da farfela. Abin ba sabo ba ne, a Disambar 1986 da Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya cikin kwana 9 a jirgin Voyager ba tare da sun sauka ko sun ƙara mai ba, samfurin gwaji na Bose suka saka don tsoron kar su sauko kurame, a 1989 kuma kamfanin ya fito da shi kasuwa. Ranar da ka fara danna maɓallin nan inji na gudu za ka ji kamar an ɗauke maka wani kaya daga ka. Kuma amfaninsa ba a kunne kaɗai ya tsaya ba, za ka rage ƙarfin rediyo saboda ba sai ka ƙure shi ba kafin ka ji kontrola mai ba jirage umarni daga ƙasa, za ka daina cewa a maimaita, za ka sauka da yamma da sauran ƙarfinka. Gajiyar da ƙara ke sa wa mutum ba a gane ta sai an rabu da ita.

Don haka ra'ayina kai tsaye, in ƙananan jirage ko masu farfela za ka yi ta tuƙawa a matsayin aikin yau da kullum, ka sayi ANR mai rufe kunne gaba ɗaya, ko da za ka jinkirta wata 2 kana tari. Waɗanda aka fi sani su ne Bose A20 da ya fito a 2010, da magajinsa A30 na 2023, da Lightspeed Zulu 3, da David Clark ONE-X. Dukkansu na aiki, ban ga wanda zan ce maka ka guje shi ba a cikinsu. A20 kusan giram 340 ne, batir AA guda 2 na kai shi wajen awa 45. Zulu 3 garantinsa shekara 7 ne, wayarsa kuma da zaren Kevlar a ciki don haka tana da juriya, Bose da David Clark nasu garantin shekara 5 ne. Lightspeed na da wani mai suna Delta Zulu da suka saka wa na'urar gano iskar kabon monoksaid a jiki, wannan ga mai tuƙa jirgin fistin ba ƙaramin abu ba ne, saboda hitar irin waɗannan jiragen daga jikin bututun hayaƙi take ɗebo zafi, in ya tsage iskar na shigowa ba wari ba launi.

In kuwa jet za ka, to dakata, kar ka sayi komai sai ka tambayi kamfanin jirgin da zai ɗauke ka aiki. Na farko wataƙila ma akwai hedset a cikin jirgin an ajiye maka, da yawa Telex Airman 750 ko 850 ne, marasa nauyi da ke zama a saman kunne, 850 ɗin ma yana da ANR ba tare da batir ba don daga layin makirfo yake jan wuta. Na biyu kamfanoni da yawa ba sa barin ka shigo da naka sai mai shaidar TSO, wato takardar da ke nuna ya cika ƙa'idar FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, mai lamba C139, a Turai kuma ETSO suke ce mata. Wasu ma jerin sunaye gare su a littafin aiki, in naka ba ya ciki shikenan sai ka bar shi a jaka. Bose A20 da A30 da ProFlight na da ita, David Clark PRO-X2 ma haka, amma kar ka yarda da bakin mai sayarwa, ka duba rubutun a jikin abin ko a takardarsa da idonka. A jet mutane sun fi son mara nauyi irin ProFlight Series 2 mai shiga cikin kunne, giram 128 kacal, saboda ƙarar ba ta kai a ɗaura wa kai manyan kofuna ba kuma kana buƙatar jin kyaftin in ya yi magana ba ta intakwam ba, wato layin da matuƙa ke magana da juna ta cikin hedset. Amma shi wannan ProFlight ɗin su kansu Bose sun faɗa don jirage masu matsakaiciyar ƙara suka yi shi, kar ka ɗauke shi ka shiga Cessna da shi ka ce bai yi ba. Kuma ba kowane kunne ke jure abu a cikinsa awa 6 ba, akwai waɗanda ke samun ƙaiƙayi ko ciwo, su sai su koma na saman kunne.

Sai maganar fulogi, nan ne na ga an fi yin asarar kuɗi ta banza. Ƙananan jirage da mafi yawan masu farfela da Boeing da yawa fulogi biyu suke amfani da shi, mai kauri na sauraro ana ce masa PJ-055, siririn na makirfo PJ-068. Airbus galibi XLR ne mai ƙafa 5. Akwai LEMO mai ƙafa 6 da ke ba hedset wuta daga jirgin kai tsaye ba sai da batir ba, za ka same shi a irin su Cirrus. Helikwafta kuma fulogi ɗaya ne gajere mai kauri, U-174. Na taɓa tashi da wani sabon yaro da ya zo ranar farko da hedset sabo dal a kwali, murna fal fuskarsa, muna zama ya ɗauko fulogin ya ga ramin da ke gefensa ba irinsa ba ne, haka ya mayar jaka ya saka na jirgi, tausayinsa ya kama ni sosai don na san yadda ya tara kuɗin. Akwai adafta kam, kuma yana da kyau ka riƙe ɗaya, amma duk ƙarin mahaɗi ƙarin wurin da zai iya kwancewa ne ko ya kawo ƙara a layi. Wanda bai san inda zai faɗa ba tukuna ya ɗauki mai fulogi biyu, shi ya fi shiga ko'ina, sannan ya zaɓi hedset da ake iya cire wayarsa gaba ɗaya a sa wata, irin A20 da A30, ranar da ka canza jirgi waya kawai za ka saya. Kuma ka kiyayi na sojoji da ake sayarwa da araha, tsarin lantarkinsu daban ne da na jiragen farar hula, ko ya shiga ramin ba zai yi maka aiki daidai ba.

Wani ɗan abu da ke rikita sababbi, akwai maɓallin mono da sitiriyo a jikin akwatin batir ko a waya. In intakwam ɗin jirgin mono ne kai kuma ka bar naka a sitiriyo kunne ɗaya kawai zai yi magana, sai ka ɗauka abin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Yanzu abin da ba wanda zai iya zaɓa maka, ni ko wani, shi ne yadda zai zauna a kanka. Kawuna ba ɗaya ba ne, kunnuwa ma haka, wani nasa manya ne suna taɓa cikin kofin, wani tsakar kansa ba ta son matsi ko kaɗan. Na san matuƙan da suka rantse da Bose, na san waɗanda suka sayar da nasu suka koma Lightspeed saboda kofunansa sun fi faɗi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Minti 5 a gaban madubi ba gwaji ba ne, ciwon sai bayan awa 1 ko 2 yake fitowa. Ka roƙi abokan aiki su ara maka nasu ka yi tashi ɗaya cikakke da kowanne, yawancin matuƙa ba sa hana wannan. In za ka saya ka tambayi ko akwai damar mayarwa in bai karɓe ka ba, manyan kamfanonin kan ba da wajen kwana 30. Kuma ka gwada da tabarau ɗin da kake tashi da shi, wannan muhimmi ne ƙwarai, domin hannun tabarau mai kauri na ɗaga soson kunne ya bar 'yar kafa, ta nan ƙara za ta shigo, ANR ɗin ma ya rikice ya fara wani bugu-bugu a kunnenka. Ka nemi tabarau mai siririn hannu shimfiɗaɗɗe. Soson kunnen shi ma yana tsufa, zufa da zafi na busar da shi ya tsattsage, ni duk wata 6 zuwa shekara nake canza nawa, kuma sau da yawa mai kukan hedset ɗinsa ya daina kashe ƙara soso kawai yake buƙata.

Makirfo kuma kar ka raina shi don kai ba ka jin kanka yadda kontrola ke jinka. An ƙera shi ne ya ɗauki abin da ke dab da shi ya watsar da na nesa, saboda haka sai ya kusa taɓa leɓenka, in ka turo baki ka ji shi to daidai ne. Ka tabbatar fuskar da aka yi wa alamar magana ita ke kallon bakinka, ka sa masa ɗan soson nan na iska, ka duba sandar tana tsayawa inda ka ajiye ta ba ta saki tana faɗuwa ba. A manyan jirage ma doka ce, ICAO ta ce a yi magana ta makirfon sanda in ana ƙasa da matakin da ake sauya ma'aunin tsayi, a Amurka kuma ƙasa da ƙafa 18,000 a jiragen da na'urar naɗar murya ke ɗauka ta nan. Ka duba kuma ko ana iya mayar da makirfon hagu ko dama, tunda yau kana kujerar dama gobe in sha Allah kana ta hagu, ba ka son waya ta riƙa gitta maka ƙirji.

Akwai masu tsoron wai ANR zai hana su jin inji in ya samu matsala ko ƙarar gargaɗi. Maganar ba ta banza ba ce, FAA ta fitar da sanarwa a 2007 tana jan hankalin kamfanoni da matuƙa su gwada su tabbatar ana jin ƙararrawar gargaɗi da sauran sautukan da ake buƙata da irin wannan hedset ɗin. A abin da ni na gani canjin muryar inji ya fi fitowa fili in an cire gurnanin, amma duk jirgin da ka shiga sabo ka gwada a ƙasa, ka ji ƙahon gargaɗin sulluɓewa da na tayoyi da hedset a kunne kafin ka dogara da shi. Abin da ya fi wannan faruwa shi ne mutuwar batir. Rediyo ba zai ɗauke ba, za ka ci gaba da ji da magana, amma ƙarar za ta dawo gaba ɗaya, kuma yawancin masu ANR in ba wuta ba su kai koren David Clark toshe ƙara ba saboda ba a yi su da matsi ba. Batir 2 sababbi a aljihun jaka kullum, ba a ƙasan jaka ba, inda hannunka zai kai kana zaune da bel. In za ka ajiye shi ya daɗe ka cire batiran kar su zubar da ruwa su cinye ƙarfen.

Bluetooth ba dole ba ne. Amfaninsa na gaske shi ne jin gargaɗin manhajar taswira daga iPad da kiran waya a ƙasa don karɓar izinin tashi a filin da rediyo ba ya kaiwa, ba kiɗa ba. In bambancin kuɗin zai takura ka bar shi.

Na hannu fa? Ni ban hana ba, musamman yanzu da mutane ke sakin A20 suna komawa A30, kuma na san aljihun wanda ya gama biyan kuɗin makarantar tuƙi. Amma ka karɓi lambar jikinsa ka tambayi kamfanin su tabbatar maka nasu ne da shekarar da aka yi shi, ka jona shi a jirgi ko na'urar gwaji, ka murza wayar a hankali daga fulogi har kofi kana saurare ko za ka ji tsartsatsi, don a nan suke fara mutuwa, ka sa soso da matashin kai sababbi. Ka tabbatar kuma har yanzu ana samun kayan gyaransa, misali Sennheiser sun yi hedset masu kyau amma sun bar harkar na matuƙa tun 2016, kafin ka ɗauki irin wannan ka san inda za ka samu waya in ta yanke. Waɗanda ba su da suna kuma masu arahar nan da ke cika intanet, araha ba ta ado, wurin makirfo da waya suke rage kuɗin, kuma su ne abubuwa biyun da ba ka son su ba ka kunya kana dab da sauka cikin hadari.

In kuɗin bai kai na ANR ba yanzu kuma aiki ya taso, ka sayi H10-13.4 ka sa masa soson kunne mai jel, in tafiyar doguwa ce ka ƙara da 'yan toshe-kunne na soso a ciki ka ɗan ɗaga rediyo, kunnenka zai tsira. Ba asara ka yi ba, ranar da ka sayi babban wannan zai koma na ko-ta-kwana a jaka ko na fasinja, nawa na farko har yau yana nan yana aiki. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jikinsa da jikin jakarsa tun ranar farko, don hedset ɗin matuƙa duk kama suke kuma ana mantuwa da su a jirgi fiye da yadda kake zato. Ka kira kamfanin da kake sa rai ko wani da ke tashi a can ka tambayi abu uku, wane jirgi, wane fulogi, kuma sai mai TSO ko a'a, in ka samu amsar ka sanar da ni in faɗa maka guda biyun da za ka je ka gwada a kanka.